Maigida ya zubar da makilin ɗin gidana, ga 'yata da rami a haƙori

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Gombe, yarana uku, babbar shekararta 7, mai bi mata 4, sai auta bai kai 2 ba. Wata shida kenan maigidana ya kwashe duk makilin ɗin gidan ya zubar, wai ya ga bidiyo a WhatsApp ana cewa sinadarin fuloraid ɗin da ke ciki guba ne, yana ɓata haƙori yana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Shi a Kaltungo ya tashi, haƙoransa duk sun yi ja kamar na mai cin goro alhali ko goron baya ci, kuma wani likita ya taɓa gaya mishi fuloraid ne ya jawo, toh tun daga nan abin ya zauna mishi a rai. Yanzu wani man goge baki na ganye muke amfani da shi wanda ƙanwarsa take sayarwa, kuɗinsa ya ninka na makilin sau uku. Hajiya surukata kuma cewa take mu bar duka biyun mu koma asuwaki da gawayi da gishiri, ai su da shi suka tashi. Babbar yarinyar tana kukan haƙori da daddare, na haska da fitilar waya na ga baƙin rami a na can ciki, Hajiya tace tsutsa ce a sa kanumfari ai zata yi famfara ya fita. Nima in na goge baki sai in ga jini. Nayi tunanin in sayo makilin in ɓoye in dinga goge musu a sace amma ina tsoron ya gane, kuma ni kaina wlh na fara kokwanto ko shi ke da gaskiya. Ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba yarinya lafiya, kuma sannu da rashin barci.

Zan zo kan rigimar makilin da na ganye amma bari in fara da ita yarinyar, don ita ce ba zata iya jiran manya su gama gardama ba. Ramin nan da kika haska kika gani babu wani man goge baki da zai cike shi, na fuloraid ne ko na ganye, haƙori in ya riga ya huje sai hannun likita. Kuma maganar a jira famfara ita ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Akwai haƙoran tauna guda huɗu, turame, da suke fitowa yaro yana wajen shekara 6, can ƙarshen baki a bayan haƙoran yarinta, suna fitowa ne shiru ba tare da wani ya faɗi ya basu wuri ba, shi yasa iyaye da yawa suke ɗauka na famfara ne alhali na dindindin ne, in ya tafi ya tafi kenan babu wani da zai sake tsirowa a wurin. Yarinya 'yar shekara 7 da rami a haƙorin can ciki, zai iya zama shi ne fa. Ko da ma na yarinta ne, turamen yarinta basa faɗuwa sai an kai wajen shekara 10 zuwa 12, kinga ba za a bar ta shekara uku zuwa biyar tana kuka da daddare ba. Kuma ciwon da yake tada yaro daga barci alama ce ramin ya yi zurfi ya kusanci jijiya. Ki kai ta sashen haƙori a satin nan, akwai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, akwai a asibitin ƙwararru na jiha. Kafin nan ki bata farasitamol daidai da shekarunta. In kika ga kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, a ranar za ki kai ta ko da dare ne.

Kanumfarin Hajiya ba ƙarya bane, yana kashe zafi da gaske, har likitocin haƙori suna amfani da man da ake samu daga cikinsa a wasu abubuwan da suke cike haƙori na wucin gadi. Amma zafin kawai yake kwantarwa, ruɓewar tana ci gaba a ƙasa, man nasa kuma in ya yi yawa yana ƙona dasashin yaro. Abin da zan roƙe ki kar ki bari ko kusa shi ne wani ya zo da ruwan batir ko fetur ko a niƙa ƙwayar magani a cusa a ramin, na san ana yi a unguwanni kuma ɓarnar ta fi ciwon.

Toh sai maigida. Ni ban ga mai taurin kai a labarin nan ba ƙanwata, na ga mutumin da tun yana yaro yake rufe baki in zai yi dariya, ana tambayarsa ko goro yake ci, aka zo aka gaya mishi sunan abin da ya yi mishi haka, sai kuma ya ɗauki kwalin makilin ya ga sunan nan a rubuce ana shirin sa wa 'ya'yansa a baki. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ai sai ya gudu. Kuma likitan da ya gaya mishi bai yi ƙarya ba. Yankin Kaltungo da Billiri sananne ne da wannan matsalar, haka Langtang a jihar Filato, ruwan rijiya da na borehol a wuraren yana ratsa duwatsu ya kwaso fuloraid mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ruwan sha ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, in ya wuce kuma yaro yana shan sa kullum a shekarun da haƙoransa suke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, sai haƙoran su fito da fari-fari ko ja ko ruwan ƙasa. Ki lura da kalmar nan, sha. Abin da ya taɓa haƙoran mijinki ruwa ne da ya sha ya haɗiye safe da yamma shekara da shekaru, da shi aka dama kununsa da shi aka tuƙa tuwonsa. Makilin kuwa ɗan kaɗan ake lakatowa a goga a saman haƙori a tofar. Kamar kanwa ce, ɗan ƙanƙani a miya gyara ne, ki zuba dunƙule ki ga yadda tukunya zata koma.

Har maganar ƙwaƙwalwar da ya gani a bidiyo tana da tushe, sai dai an yanke mata kai da ƙafa kafin ta iso wayarsa. A 2024 wata hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto cewa akwai alaƙa tsakanin raguwar kaifin basirar yara da shan ruwan da fuloraid ɗinsa ya haura miligiram 1.5 ɗin nan. Ruwan sha ake magana, mai yawan fuloraid, irin wanda shi ya sha. Ba a kan ɗan abin da ake gogawa a tofar aka yi rahoton ba.

Akwai labarin da nake so ki bashi don kamar da shi aka yi. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya je aiki wani gari a jihar Kolorado ta Amurka ya tarar yawancin 'yan garin haƙoransu da tabo ruwan ƙasa, ya shafe shekaru yana neman dalili, amma abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne waɗannan haƙoran masu tabo basa saurin ruɓewa kamar na sauran mutane. Sai a 1931 aka gano fuloraid ne a ruwan. Daga nan aka fara neman adadin da zai kare haƙori ba tare da ya ɓata launinsa ba, shi ne asalin shigarsa makilin. Wato daga bakin mutane irin mijinki aka gano amfanin abin tun farko.

Yadda yake aiki kuma ba wani boka bane. Babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido baya gani suke zaune a cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori, duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami da yake zaizaye ɓawon haƙorin a hankali. Miyau yana ƙoƙarin mayar da abin da aka zaizaye, fuloraid shi yake taimaka wa miyau a wannan gyaran kuma ya sa sabon ɓawon ya fi jure tsami. Da aka haɗa gwaje-gwaje da dama da aka yi a kan yara an ga makilin mai fuloraid yana rage ruɓewa da wajen kashi 24 cikin 100 in an kwatanta da wanda babu. A 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ni ra'ayina ba ɓoyayye bane, ga yara masu shan shayi da biskit da alawa, mai fuloraid nake zaɓa.

Amma fa kar ki ɗauka ganye da fuloraid kishiyoyi ne dole sai ɗaya ya fita. Ranar nan a wani shago na ɗauki kwalaye kore shar guda biyu, duka da hoton ganye da kanumfari a jiki, na juya bayansu na matso da su kusa da ido don rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, ɗaya an rubuta 1450 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki, ɗayan kuma an rubuta babu fuloraid sam. Daga gaba ba za ki taɓa bambance su ba. Saboda haka kafin komai ki ɗauko na ƙanwar mijinki ki juya bayansa ki nemi kalmar fluoride a jerin kayan haɗin, wani lokaci a manne take da wata kalmar kamar monofluorophosphate, sai ki nemi lamba mai ppm a gefe, abin da ake so daga 1000 zuwa 1500. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki tunda kin riga kin juya. In akwai fuloraid a ciki toh ashe wata shida kuna amfani da abin da ake gudu babu abin da ya same ku. In babu, ba wai jabu bane ko cutarwa yake, yana wanke baki yana sa ƙamshi, wasu ganyayen kamar dogon yaro da kanumfari suna ɗan taimaka wa dasashi, kawai dai kariyar nan daga ruɓewa ce babu, ga shi kuna biyan kuɗi ninki uku. Ita ƙanwar tashi neman halak ɗinta take, mai yiwuwa abin da aka gaya mata a wurin saro kaya shi take maimaitawa da zuciya ɗaya, kar ki ce mata kayanta ba kyau. Ku iya ci gaba da sayen ɗaya jefi-jefi, manya su yi amfani da shi da rana in sun so, zumunci bai taɓu ba.

Hajiya kuma rabin maganarta a karɓa hannu biyu. Asuwaki sunna ne, Annabi SAW ya ce ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah, kuma wanda ya iya shi yana cire datti sosai musamman a haƙoran gaba, can lungun turame ne yake wuyar kaiwa. Babu mai cewa a bar shi, a yi shi lokacin alwala, buroshi da makilin kuma safe da dare. Da gaske ne su Hajiya sun tashi da asuwaki haƙoransu ƙalau, amma ki tuna abin da suka tashi suna ci, tuwo da fura da kunun tsamiya da rogo, sukari sai jefi-jefi. Jikokinta kuwa kafin su isa makaranta an ba su shayi da cokali uku, a tara su sayi alawa da cingam, a dawo a sha zoɓo ko lemon kwalba, da yamma a Islamiyya biskit. Gawayi da gishiri kam a ajiye su, kankare ɓawon haƙori suke kamar yashi a gindin tukunya, farin na ɗan lokaci ne, ɓawon kuma in ya tafi baya dawowa. Ba sai kin yi musu da ita ba, ki ce mata likita ne ya hana gawayin amma asuwaki ita za ta koya wa jikokinta yadda ake riƙe shi.

Batun sayowa ki ɓoye, a'a ƙanwata ban goyi baya ba. Ɗan shekara 4 baya riƙe sirri, ƙamshin bakinsu ma kaɗai zai tona, kuma ranar da ya gane maganar ta tashi daga haƙori ta koma kin ci amanarsa a kan lafiyar 'ya'yansa, daga nan ko gaskiya kika faɗa ba zai saurara ba. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, kar ki fara da bidiyon ƙarya ne, ki fara da yarinya bata barci ina so mu kai ta tare. Tare ɗin nan shi ne dabarar. In kun shiga ki bar shi ya yi wa likita tambayar da bakinsa, ya nuna haƙoransa, ya faɗi inda ya tashi, ku tafi da man ganyen a jaka a duba. Abin da zai ƙi ji daga bakinki zai iya ji daga bakin wanda ya san Kaltungo ya kuma ga irin haƙoransa ba adadi. Ki kuma tuna mishi ya tambaya a kan nashi, don tabon nan ana iya rage shi, mara zurfi akan goge saman a haskaka, mai zurfi akan rufe fuskar haƙorin da abu mai launin haƙori. Wataƙila babu wanda ya taɓa gaya mishi haka.

Tsoron nashi kuma akwai inda ya kamata a kai shi, wurin ruwa. Wane ruwa yaranku suke sha? Ruwan famfon Gombe daga dam ɗin Dadin Kowa ake kawo shi, ruwan kogi kuma galibi fuloraid ɗinsa kaɗan ne, amma in na borehol kuke saye a tanka ko wajen 'yan garuwa ana iya ɗibar kwalba ɗaya a kai ɗakin gwaji a auna. Zuwa hutun sati biyu gida ba abin damuwa bane, amma in za a kai yaro riƙo can yana ƙasa da shekara 8 toh a nan ne za a tsaya a kan ruwan da zai sha. Kuma tafasawa bata cire fuloraid, ƙara tattara shi ma take tunda ruwan ne yake ƙonewa. In ka ba mutum aikin da zai kare 'ya'yansa da gaske ya fi sauƙin sakin wanda ba shi ne ba.

In ya yarda, ga yadda zai samu natsuwa, don yara ƙanana in suna haɗiye makilin da yawa kullum zai iya bar musu ɗigon fari a haƙori. Auta ɗan shafe kawai kamar ƙwayar shinkafa, mai shekara 4 kamar ƙwayar wake ƙarama, babbar ma bata buƙatar fiye da haka, ba a cika buroshi dam kamar yadda ake nunawa a talla. Ke ko shi za ku matsa musu da hannunku ku tsaya a kansu, minti 2, sau 2 a rana, na dare shi ne mafi muhimmanci don miyau yana raguwa in an yi barci, bayan shi kuma ba shayi ba madara mai sukari sai ruwa. Su tofar amma kar su kuskure baki da ruwa nan take, a bar ɗan abin da ya rage ya yi aikinsa. A ɗaga makilin sama inda hannunsu baya kaiwa. Ki bar wa maigida aikin aunawar ma in zai karɓa, tunda shi ne mai tsoron ya yi yawa.

Jinin da kike gani kuma yawanci dasashi ne ya kumbura saboda dattin da ya taru a gindin haƙori, kar ki daina goge wurin don yana jini, ki sayi buroshi mai laushi ki dinga bi a hankali, ki canza shi duk wata 3. Tunda za ki asibiti ki sa a duba ki a yi miki wankin haƙori in akwai dattin da ya daskare, in kina da ciki ko ciwon suga ki faɗa musu don duka biyun suna ƙara shi.

In kuma duk da haka ya ce shi dai a'a, kar ki mayar da gidanki filin daga. Ki nemi ko na dare kaɗai ya bari, in ya ƙi ki ci gaba da goge musu sau biyu da abin da ke akwai, ki matse sukari sosai, abin zaƙi ya zama tare da abinci ba tsakanin abinci ba don yawan lokutan da yake shiga baki ya fi yawansa ɓarna, ki tambayi likita a kan abin da suke shafawa su toshe ramukan saman turame tun kafin su ruɓe, ki dinga kai su dubawa duk wata 6. Sai ki bar maganar ta kwana biyu ki sake ɗauko ta, ko ta bakin wani yayansa ko abokinsa ma'aikacin lafiya da yake jin maganarsa. In kun dawo daga asibiti ki rubuto min ki gaya min wane haƙori ne likita ya ce, na yarinta ko na dindindin, da abin da kika gani a bayan kwalin nan.